Rikicin jiki ko rikicin gari: wace kalmar Hausa za a sa inda Bature ya ce “disorder”?

Wata ranar Talata bayan la'asar goggona ta aiko yaro har gida a unguwar Aboabo ta Kumasi, wai in zo maza. Na same ta a bakin murhu, ta jiƙa waken da za ta dafa da shinkafa don cinikin safe, ga takardar asibiti a hannunta ta ninke ta gida huɗu. Autanta ne ya yanke jiki ya faɗi sau biyu a cikin wata guda, aka kai shi wurin likita, likita ya rubuta kalma biyu da Turanci: “seizure disorder”. Jikanta ɗan sakandare ya zuba su a waya don ta fassara, waya ta ce masa “rikicin kamawa”.

“Kai ɗan nan, kai ne ka yi boko,” in ji ta. “Wane rikici yaron nan ya yi da za a kama shi? Ko ƙofar polis bai taɓa takawa ba.”

Na ce, “Goggo, ba kamun hukuma ba ne. Farfaɗiya suke nufi.”

Ta yi shiru, ta tura itace cikin wuta. Can ta ce, “Da ma kamun ne, da an yi beli.”

Wayar ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba. Kalmar farko tana nufin bugun farfaɗiya, tana kuma nufin kamawa ko ƙwacewa. Ta biyun, wadda ita ce damuwata a nan, asalinta “rashin tsari” ne kawai, Turawan Ingila suka aro ta daga Faransanci. Daga nan ta rabu. A bakin likita tana nufin wani sashe na jiki ko na ƙwaƙwalwa ya bar aiki yadda ya saba. A bakin ɗan sanda da alƙali tana nufin jama'a sun bar bin doka a titi. A bakin uwar gida kuma ɗaki ne kawai ya zama barkatai. Mu da ke zaune a Kumasi da Akara (wadda tsofaffinmu ke ce wa Ankara) kullum muna cin karo da ita, domin takardar asibiti da ta kotu da sanarwar 'yan sanda duk da Turanci suke zuwa, alhali a cikin gida da masallaci da wurin shan ataya Hausa ake yi. Dole wani ya tsaya a tsakani. In kai ne wannan wani, ko mai fassara labarai a rediyon zango (unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a garuruwan Gana), ko mai raka tsohuwa asibiti, ko mai karanta wa maƙwabci sammaci, hanya uku ce a gabanka.

Ta farko ita ce ka bar kalmar yadda ta zo, ka ce “yana da disoda”. Samarinmu haka suke yi, kuma ban ga laifin aro ba. Asibiti da likita da kotu da mota duk aro ne, sun zauna daram. Amma waɗancan kowacce ta shigo da abu ɗaya a hannunta. Wannan kuwa da kaya biyu za ta shigo, kuma mai sauraro ba shi da abin da zai raba su da shi, domin Bature da kalmar da ke gefe yake rabewa, kai kuma ka bar ta gefen a Turanci. Sai ka ga tsoho ya gyaɗa kai don kunya alhali bai ji komai ba. Tsakanin nas da nas a bakin aiki, ta wadatar. Da zarar akwai wanda bai yi boko ba a wurin, ajiye ta.

Ta biyu ta fi jan hankali: ka nemo kalmar Hausa ɗaya da za ta ɗauki kayan biyu. Kuma akwai su. Ana cewa gari ya rikice, ana cewa jikin tsoho ya rikice. Kasuwa takan yamutse, ciki ma yakan yamutse. Fitacciyarsu ita ce “tashin hankali”, wanda yake iya zama a zuciyar mutum ɗaya da ya ji mummunan labari, yake kuma iya zama a gari har a sa dokar hana fita. Wani abin da na daɗe ina sha'awa shi ne, Hausa ta riga ta ɗaure jiki da gari, amma ta ɓangaren alheri ta ɗaure su, da kalmar “lafiya”. Lafiya uwar jiki, zaman lafiya kuma ya fi zama ɗan sarki. In ka tambayi matafiyi ko ya baro Tamale lafiya, jikin mutane da kwanciyar gari kake tambaya a numfashi ɗaya. Tsakanin “rashin lafiya” da “rashin zaman lafiya” kalma ɗaya ce tal.

Duk da haka ba na ba da shawarar wannan hanya. Fi'ilan nan suna aiki ne saboda an faɗi abin da ya rikice. Da ka mayar da su suna, ka ce “rikici” ko “yamutsi” tsura, kunnen Bahaushe titi yake zuwa, ba gadon asibiti ba. Abin da ya sami goggona ke nan. “Tashin hankali” kuma tarko ne na musamman, don ya yi kusa da “taɓin hankali” a baki, har mai karanta labarai da sauri yana iya zamewa daga wannan zuwa wancan. Ban da haka, wanda likita ya ce yana da larurar yawan fargaba, in ka ce “yana da tashin hankali”, za a ɗauka mafaɗaci ne mai tayar wa mutane hankali.

Saura ta uku, wadda nake bi: ka fara tambayar kanka, jiki ne ko gari? Wannan ba ta da wuya, sakan biyu ne. Aikin yana gaba, domin kowane gefe yana da kalmomi da dama, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

A gefen jiki, “cuta” ce ke fara zuwa baki, ita ce kuma na fi gudu. Cuta tana tafe da ƙwayar cuta a bayanta, wato abin da ake ɗauka, abin da ake ware wa mutum kwano saboda shi. Ga tarin fuka ko kwalara daidai ne. Amma yawancin abubuwan da likitoci ke kira da waccan kalmar Turanci ba a ɗaukarsu. Farfaɗiya daga ƙwaƙwalwa take, yawun mai ita ba ya harbin kowa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami magani daidai. A unguwar da har yau wasu ke ja da baya in yaro ya faɗi, kalmar “cuta” ƙara wa wuta fetur ce. Su kansu masu rubuta kundin rarraba cututtuka na hukumar, a bugun da ya shafi ƙwaƙwalwa na 1992, sun bayyana cewa sun zaɓi wannan kalmar ne don su kauce wa matsalolin da ke tattare da kalmomin Turanci masu nufin cuta da ciwo kai tsaye, kuma sun yarda cewa ba kalma ce mai ƙayyadaddiyar ma'ana ba. In su sun kauce da gangan, bai kamata mai fassara ya mayar da abin inda suka gudo ba.

“Ciwo” ya fi sauƙi a kunne, kuma inda Hausa ta riga ta raɗa suna da shi, kada ka sake ƙirƙira. Ciwon suga, ciwon zuciya, ciwon sikila. Mu a nan sikila ba baƙuwa ba ce, kusan jarirai 2 cikin 100 da ake haifa a Gana da ita suke zuwa, kuma a Kumasi aka fara gwajin jarirai tun 1995 a ƙarƙashin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. In takarda ta ce yaro yana da rashin tsarin jini na gado, kuma ka tabbatar da wanda ake nufi, ka ce sikila ko amosanin jini, an gama. Ƙa'idar da ta fi kowace amfani a wannan gefen ita ce, sau da yawa ba ka buƙatar fassara kalmar ko kaɗan. Farfaɗiya farfaɗiya ce. Rashin barci rashin barci ne. Bature ne ke buƙatar jela a bayan sunan, Hausa ba ta buƙata. Raunin “ciwo” ɗaya ne: yana sa a nemi inda ke zafi. Yaron da ke da wahalar koyon karatu ko wanda bai iya zama wuri ɗaya ba, babu inda ke masa zafi, uwarsa kuma za ta ce maka lafiyarsa ƙalau, ga shi can yana ƙwallo.

Nan ne “larura” ta yi wa sauran fintinkau, kuma in za a tilasta ni in riƙe kalma ɗaya a gefen jiki, ita zan riƙe. Daga Larabci ta zo, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya san ta a babin sauƙi: mai larura yana taimama, yana salla a zaune, yana ajiye azumi ya rama. Saboda haka kalmar tana shigowa da uzuri a cikinta. In ka ce wa dattijo “jikanka yana da larura”, ka gaya masa abu biyu a lokaci ɗaya, cewa akwai abin da ke damun yaron, kuma ba laifinsa ba ne. Ba ta alkawarin warkewa gobe, ba ta kuma yanke ƙauna. Larurar barci, larurar cin abinci, larurar ƙwaƙwalwa, duk suna zama. Har sabon abin nan da kundin hukumar na 11 ya shigar, wanda ya fara aiki a 2022, na kamuwa da wasan waya da kwamfuta har ya hana mutum rayuwarsa, “larura” ta fi dacewa da shi. Aibinta kawai shi ne taushi. Wani lokaci taushin yakan yi yawa har a ƙi zuwa karɓar magani, don haka in abin na gaggawa ne, ka bi ta da bayani mai kauri.

“Matsala” ba ta da laifi, ba ta da daɗi. Mota ma tana da matsala. Na fi ajiye ta ga ƙananan abubuwa. “Rashin lafiya” kuma na wanda ke kwance ne, ana jiran ya tashi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne maganar ƙwaƙwalwa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Gana ta 2012, mai lamba 846, da wannan kalmar Turanci take kiran masu larurar, kuma ta haɗa da mutane iri-iri: mai baƙin cikin da ya hana shi tashi daga gado, mai jego da ta kasa son jaririnta, mai jin muryoyi. Mu kuwa da an ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Pantang ko Ankaful, kalma ɗaya ce ke faɗowa, “hauka”. Kada ta fito daga bakinka kana fassara takardar likita. “Taɓin hankali” ya fi ta ladabi, amma shi ma na wanda hankalinsa ya gushe ne ko ya raunana, kuma mafi yawan masu zuwa ganin likitan ƙwaƙwalwa hankalinsu na nan daram, suna ciniki a kasuwar Kejetia, suna jan salla. A zango, inda kafin a ɗaura aure sai an bincika gida har kaka da kakanni, kalmar da ka saki a tsakar gida tana iya bin yarinya shekara goma. Magana zarar bunu ce. “Larurar ƙwaƙwalwa” ko “larurar damuwa”, sannan ka faɗi alamomin da likita ya lissafa, ya fi aminci.

Yanzu gefen gari. A nan ba kunya ake gudu ba, hukunci ake gudu, domin kowace kalma tana nuna wa ke da laifi. Na koyi wannan ne a wurin shan ataya. Na taɓa fassara wata sanarwar jami'an tsaro a wani shirin rediyo, inda suka yi gargaɗi kan rashin tsari a bainar jama'a bayan wasu samari sun yi jerin gwano kan lalacewar hanya. Na ce “tarzoma”. Da dare wani dattijo mai sayar da kayan gyaran mota ya miƙo mini kofi ya ce, “Malam, na ji ka yau. To wa ya ƙona me?” Ba wanda ya ƙona komai. An tare hanya na awa biyu, an yi ihu, an watse.

“Tarzoma” tana da duwatsu da wuta da fasa shaguna a cikinta. Ko a dokar laifuffuka ta Gana ta 1960, laifin da ya yi daidai da ita yana da sharuɗɗa, sai mutum biyar ko fiye sun haɗu kan manufa ɗaya da ƙarfin tuwo. “Zanga-zanga” kuwa haƙƙi ce, sashe na 21 na tsarin mulkin 1992 ya ba da ita, dokar zaman lafiyar jama'a ta 1994 kuma ta ce a sanar da 'yan sanda aƙalla kwana biyar kafin a fito. Kalmar Turancin tana iya lulluɓe duka biyun, shi ya sa hukumomi ke son ta. Kai mai Hausa ba ka da wannan mayafin, dole ka zaɓa, kuma in ka zaɓi mai nauyi ka yanke wa mutane hukuncin da alƙali bai yanke ba.

Tarihin ƙasar nan ya nuna yadda suna ke da tasiri. Ranar 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojojin yaƙin duniya na biyu suka nufi fadar gwamna a Osu da takardar koke. Aka harbe uku, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Abin da ya biyo baya na kwanaki a Akara, har ya iso Kumasi, tarzoma ce ba ko tantama, an fasa kantunan Turawa an ƙona. Amma tafiyar tsofaffin sojojin ba tarzoma ba ce. Wanda ya haɗa su a kalma ɗaya ya goge bambancin da ya sa har yau ake ajiye furanni a mararrabar da aka harbe su duk shekara. Haka a Ejura a watan Yuni 2021, bayan kisan Ibrahim Mohammed da aka fi sani da Kaaka, samari suka fito, sojoji suka yi harbi, mutum biyu suka mutu, gwamnati ta kafa kwamitin bincike. A irin wannan ranar, kafin bincike ya kammala, kalmar da mai labarai ya zaɓa ita ce hukuncin farko da iyayen mamatan za su ji.

To me za a ce in ba a tabbatar ba? “Hargitsi”. A ganina ita ce takwarar “larura” a wannan gefen. Tana cewa tsari ya watse, mutane sun ruɗe, ba ta ce ga wanda ya fara ba. Ta kuma fi kowace kusa da asalin ma'anar Turancin, har ɗakin da yara suka watsa ma a hargitse yake. “Hatsaniya” ta fi ta ƙanƙanta, ta cacar baki ce da ture-ture, irin ta tashar mota ko wurin rabon kayan zaɓe. “Yamutsi” ya ɗara hatsaniya, an cakuɗe an ba hammata iska, amma na ɗan lokaci ne. “Bore” yana da wanda ake yi wa, ɗalibai ga shugaban makaranta, fursunoni ga gandirobobi, don haka kada ka sa shi sai akwai hukumar da aka bijire wa. “Rikici” kuwa dogon numfashi ne da shi, yana da ɓangarori da tarihi, kamar na sarautar Dagbon a arewacin Gana da ya yi sanadin kisan sarkinta, Ya-Na Yakubu Andani na biyu, a Yendi a 2002, bai kwanta ba sai 2019, bayan sulhun da sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na biyu, ya jagoranta. Abin da aka yi da rana aka watse kafin magariba bai kai a kira shi haka ba.

“Fitina” ta mumbari ce. Liman yana da ikon amfani da ita, don kowa ya san nauyin da addini ya ɗora mata. A bakin mai karanta labarai ko tafintan kotu, tana mayar da masu koke masu saɓo. Ban taɓa sa ta a fassarar sanarwar hukuma ba.

Wani zai ce wannan duk ƙwaƙƙwafi ne, Hausar zango ba ta bin waɗannan layukan, mu da muke cakuɗa ta da Turanci da Asantanci a jimla ɗaya. Akwai gaskiya a ciki. “Hatsaniya” ma ba kowane yaron unguwar Sawaba ya san ta ba. Amma dattijon nan mai kayan mota ko aji ɗaya bai yi ba, kuma kunnensa ya kama bambancin tarzoma da abin da bai kai ta ba tun kafin in rufe baki. In kalma ta yi wa masu sauraronka nisa, sauko ka faɗi abin da ya faru: an tare hanya, an yi jifa, an harba barkonon tsohuwa. Fi'ili ba ya ɓatan da kowa.

Akwai lokacin da ma'anonin biyu ke haɗuwa a labari ɗaya, kuma nan ne za ka gane amfanin raba su. Ranar 9 ga Mayu 2001, a filin wasa na Akara, Hearts of Oak ta ci Asante Kotoko 2 da 1, 'yan kallo suka fara jifa da kujeru, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, aka ruga ƙofofin fita aka tarar ba hanya. Sama da mutum 120 suka rasu, da yawansu 'yan zango. Rubutun Turanci a kan wannan rana yana iya amfani da kalmar nan sau biyu a shafi ɗaya, sau ɗaya ga abin da ya faru a kan benaye, sau ɗaya ga wanda ya tsira amma har yau ba ya iya shiga taro, yana farkawa cikin dare da gumi. Da Hausa, na farkon hargitsi ne da ya zama turmutsutsu. Na biyun larurar firgici ce da ke biyo bayan mummunan abu, kuma tana da likitanta.